Ƙaho a Bayan Mai Lafiya

Mu biyu ne daga ajinmu muka ci kunkur, wato jarrabawar shiga makarantar likitancin dabbobi ta Bamako, kuma dukanmu 'yan ƙasar Magariya: ni Mutari ɗan Bande, da Habu ɗan Dungas. Zamanin Nasara ne, babban yaƙinsu bai daɗe da ƙarewa ba. Mun gama lakwal, wato makarantar boko, ta Yamai tare, muka yi hutun damina a gida, sannan aka aiko mana da takardar tafiya.

Amma cin kunkur bai mai da mutum ɗan makarantar ba tukuna. Dokar shiga tana da ƙofa ta biyu. Sai ka kai kanka Bamako, likitan makaranta ya tuɓe ka ya duba ka tun daga ido har tafin ƙafa, abin da ake ce wa bizit. In ya ga alamar cuta sai ya ɗage ka zuwa baɗi, a ba na bayanka gurbin, kai kuma ka koma ka sake zaman kunkur, in shekarunka ba su wuce iyaka ba.

To ni shekaruna sun riga sun zo bakin iyaka, a takarda. Ranar da aka kama mu lakwal muna yara, ba wanda ya tambayi iyayenmu yaushe aka haife mu. Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, shi ya jera mu a rana, yana duban tsawo yana faɗin shekaru, ana rubutawa. Ni dogo ne tun ina ƙarami, sai aka ɗora mini shekarun da ban ci ba. Habu gajere ne kakkaura, ya girme ni, ya ma riga ni tsiro da gemu, amma takarda ta ce ƙanena ne. Saboda haka shi yana da sauran shekara guda a ajiye, ni ba ni da ita. In likita ya ɗage ni, karatuna ya ƙare ke nan.

Ban kuwa so ya ƙare ba. Ina yaro cutar bushiya ta shiga garkenmu, na ga mahaifina yana jan mushen shanunsa zuwa bayan gari ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji ya bar su inda suka faɗi. Mutumin nan tun da aka kai ni lakwal bai taɓa tambayata abin da ake koya mini ba, ya ɗauka an yi asarata. Sai da ya ji karatun da za ni na maganin shanu ne, ya kira ni gindin rumbu ya ce in sake faɗa masa sunan garin.

Habu Babarbare ne, ni kuwa Bafillace, to wasa tsakaninmu gado ne, ba mu muka fara ba. Tun muna ƙananan aji bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Ni ma ba na raga masa.

Daga Yamai zuwa Gawo kamyo, wato babbar motar kaya, ya kai mu, a saman buhunan shinkafa. Duk wanda ya ce takardar gwamnati tana sa direba ya girmama ka, bai hau motar da muka hau ba. A hanya ruwan ƙarshen damina ya yi mana dukan tsiya, ya shiga akwatina, ɗan kinin da aka ba mu a Yamai don masassara ya narke ya zama kunu.

A Gawo muka tarar jirgin ruwa bai zo ba, muka yi zaman jira a wata rumfar 'yan dako a bakin kogi. Na san sauro a Bande, muna da fadamu, amma na Gawo ba ya jiran magariba. Ga shi ba mu jin harshen kowa. Ɗan Zabarmancin da muka tsinta a Yamai in muka yi sai ya ba su dariya. Muna nan zaune kamar marayu, sai wani mutum ya yi mana sallama da Hausa tsantsa. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taho mini. Ya ce shi mutumin Tasawa ne, yana aikin shara a gidan likita. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi ko hatsi ya yi kyau bana. Da ya gama shiga ranmu sai ya ce:

"Samari, kogin nan masassara gare shi. Kuna da kinin?"

Muka ce ruwa ya cinye mana namu. Ya girgiza kai don tausayi, ya tafi, ya dawo da fararen ƙwayoyi ƙulle a tsumma. Na lasa ɗaya na ce ba ta da ɗaci. Ya yi dariya irin ta wanda ya ga ƙauyanci, ya ce sabon samfuri ne na matan Nasara, an cire masa ɗacin. Mu da muka ci kunkur, muka haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum da Faransanci, mu ne muka ba shi rabin guzurinmu muna ta godiya. Farar ƙasa ce aka murza aka shanya. Daga baya muka gane, lokacin da ganewar ba ta da amfani.

Jirgin ya zo, mai hayaƙi, da icce yake tafiya. Nasara da manyan ma'aikata suna sama, mu muna ƙasa tare da tumaki da fatake da tulin iccen wuta. Abinci kullum shinkafa da kifi, kifi da shinkafa. Ni da na tashi da tuwon hatsi da nono, tun ina ci don ladabi har na koma ci don dole. Ruwa kuwa ta ko'ina, wani wurin ba ka ganin gaɓa sam, sai ciyawa tsaye a cikin ruwa da tsuntsaye. Habu yana son abin, yana ta yawo cikin jirgi yana ƙulla abota da hannu da ka. Ni ina zaune kan akwatina ina tunanin yanzu a gida ana yankan hatsi.

Kafin mu kai mashigar Tumbutu masassara ta kama ni. Da farko na ɓoye, don ban so Habu ya sami abin tsokana. Bai daɗe ba ya gane, ya ce ai dama Bafillace ko tari aka yi kusa da shi sai ya faɗi. Ya ɗura mini ƙwayoyin mutumin Tasawa, na haɗiye farar ƙasa da bismilla. Jiki ya ƙi. Sanyi ya kaɗa ni har haƙorana suna haɗuwa, can kuma zafi ya taso kamar an kwantar da ni a bakin murhu. Ranar da na lura Habu ya daina tsokanata, ranar na san abin ya yi tsanani.

A mashigar Tumbutu wata dattijuwa ta shigo da gishirinta, ta yi shimfiɗa kusa da mu. Ba ta jin Hausa, ba mu jin harshenta, har muka rabu ban san sunanta ba. Da ta ga ina rawar ɗari ta kwance mayafinta ta lulluɓe ni, ta jiƙa tsamiya a ƙwarya tana ba ni da ludayi. Habu ya ce cikin sambatu na riƙa kiranta Inna ina tambayarta ko an tatso nono, ita kuma tana amsa mini da nata harshen kamar ta ji. Ta sauka a wani ƙauye ina barci, ta bar mini mayafin.

A cikin jirgin akwai wani tsohon wanzami, Baba Tanko, mutumin Daura, za shi Sagu wurin ɗansa. Ya san kasuwar Magariya, ya ce ya sha yin aski a cikinta. Tun daga Gawo yake samun 'yan kuɗin goro da aske kawunan matafiya. Habu ya je ya durƙusa gabansa.

"Baba, ɗan'uwana ne ba lafiya, abin ya fi ƙarfina. Don Allah ka zo ka duba mini shi."

Tsohon ya zo da zabirarsa, ya taɓa wuyana, ya buɗe idona, ya danna kafaɗuna.

"Mataccen jini ne ya taru mishi a baya, shi ke hawa kai," in ji shi. "In aka fitar zai sami sauƙi da yardar Allah. Amma ku 'yan lakwal ne, kar in yi ku ce na yi."

"Baba, a yi," in ji Habu.

Kada a ce Habu bai san sauro ke kawo masassara ba. Ya sani, ya ma fi ni maki a wannan darasin. Amma ilimin littafi ba ya riƙe mutum in yana kallon ɗan'uwansa yana sambatu a tsakiyar ruwa, ba likita ba magani. Kuma wane ne a cikinmu bai tashi ya ga ana yi wa ubansa ƙaho ba? A wurinmu ba wani abin tsoro ba ne, gata ne.

Aka zaunar da ni aka tuɓe mini riga, Habu yana riƙe da kaina. Baba Tanko ya kafa ƙahonin a kafaɗuna da gadon bayana, yana zuƙa da baki yana toshe tsinin, har fatar ta taso. Ya cire, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar ya sake zuƙa. Jinin da ya fito baƙi ne, ya zuba a kasko mai toka ya nuna wa Habu, su biyu suka jinjina kai. Ko ƙahon ne, ko masassarar ce ta ga damar hutawa, oho, ranar dai na yi barci mai daɗi, na tashi na ci shinkafa. Na yi wa tsohon addu'a har cikin raina. Bai karɓi ko tamma ba, ya ce ɗan Magariya ɗan gida ne.

Washegari zafin ya dawo.

A Mobti wani malamin asibiti ya shigo jirgin, Babambare mai suna Jara, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Sagu. Wurinsa a sama yake, amma ya ji an ce akwai 'yan lakwal a ƙasa ɗayansu ba lafiya, sai ya sauko. Da Faransanci muka yi magana. Ya lasa ƙwayar mutumin Tasawa ya tofar. Ya ciro kinin na gaske daga jakarsa, mai ɗacin da har yau in na tuna sai na yamutsa fuska. Sannan ya ce in ɗaga riga ya saurari ƙirjina. Da ya zagayo bayana sai ya tsaya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Habu ya gaya masa. Mushe Jara, haka ake kiran malami da Faransanci, ya zauna kan akwatina, ya tambayi inda za mu. Da ya ji, sai ya ce:

"Na taɓa aiki a ɗakin bizit. Likita ba ya tambayarka ko ka yi ciwo, ya san za ka ce a'a. Jikinka yake dubawa. Kinin ɗin nan zai kwantar da zafin, kafin Bamako goshinka ya yi sanyi, da sai ka wuce ba wanda ya sani. Amma mai lafiya ba ya ba da bayansa a tsaga. Da ya ga wannan zai sa a ɗebi jininka a duba, masassara irin wannan kuwa ba ta barin jini da wuri. Ɗage ka zai yi."

"Ba yadda za a yi, mushe?" in ji Habu.

"Sai in tabon ya ɓace kafin ku isa. Ba kuwa zai ɓace ba."

Ya shafa mini jan magani a tsagar, ya bar mini kinin da zai kai ni, ya hau sama. Na ga kaina ina sauka daga kamyo a Magariya da akwatina, na ga hanyar Bande, na ga gindin rumbun nan. Tsoro ya juye ya zama fushi, fushin kuwa ba wanda zai sauka a kansa sai na kusa. Na ce wa Habu ai shi ba ruwansa, yana da shekara a aljihu, ya sa an yanka ni kamar ragon suna ya kashe mini karatu. Na jira ya rama, don bai saba barin magana ta faɗi ƙasa ba. Bai rama ba. Ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Kinin ya yi aikinsa. Zafi ya sauka, na fara tsayawa da ƙafafuna, sai dai na rame har wandona ba ya zama sai da igiya. Tsakanina da Habu kuwa magana ta zama ta dole, ga abinci, miƙo buta. Ana gobe za mu isa Sagu, na farka daga barcin azahar ban gan shi ba. Na bi jirgin ina dafa tumaki har bayan tulin icce. Can na same shi zaune a ƙasa ba riga, ƙahoni a kafe a bayansa, Baba Tanko yana goge aska.

Tsohon ya riga ni magana. "Ɗana, ni ba ruwana. Na gaya mishi jininshi lafiya lau, ba abin fitarwa. Ya ce a dai kafa, kuma daidai inda aka kafa maka, kar a ƙara kar a rage."

"Habu, haukacewa ka yi?" na ce.

"Zauna, bawana, kar iska ta jefa ka kogi," in ji shi. "Ka ji abin da mushe Jara ya ce, mai lafiya ba ya ba da bayanshi. To ga mai lafiya ya bayar. In mutum guda ya zo da tsaga, cuta ce. In mu biyu 'yan ƙasa ɗaya muka zo da ita wuri ɗaya, al'ada ce. Babanka ba ya yin ƙaho in damina ta ɗauke?"

"Yana yi."

"Nawa ma yana yi. To mu ma mun yi. Ina ƙarya a nan?"

Na tsugunna gabansa na riƙe masa kai kamar yadda ya riƙe nawa, ina jin jikinsa yana motsi duk sa'ad da askar ta taɓa shi. Jininsa ja ne jawur, ba irin nawa ba. Kunyar maganar da na gaya masa ta rufe ni, na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce in rufe, warin kinin yana damunsa.

A Sagu Baba Tanko ya sauka, mushe Jara ma ya sauka. Na ce wa Habu ya je ya nuna masa bayansa a shafa jan magani, ya ƙi, ya ce mutumin zai yi faɗa ne kawai, kuma jikin Babarbare ba ya bukatar fenti. Da ruwan kogi ya riƙa wanke wurin. Da muka isa Kulikoro, inda jirgin ruwa yake tsayawa a shiga na ƙasa, ni ko buta ba na iya ɗauka da nisa. Shi ya ɗauki akwatunanmu duka biyu, ɗaya a ka ɗaya a goye da igiya a bayan nan mai sabuwar tsaga, cikin rana, gumi yana zuba. A cikin jirgin ƙasa kafaɗarsa ta taɓa tawa na ji ta da zafi. Na tambaye shi, ya ce rana ce.

Bamako ta ruɗa ni, ga motoci, ga benaye, ga harsuna iri-iri, amma ban sami sukunin kallo ba, don da safe aka yi bizit. An jera mu a baranda daga mu sai gajeren wando, 'yan Sanagal, 'yan Gine, 'yan Dahome, kowa yana satar kallon jikin ɗan'uwansa. Can gefe kuma ga waɗansu samari zaune da rigunansu a jiki. Su ne na baya, waɗanda suka ci kunkur amma gurbi bai kai kansu ba, suna jiran wani ya faɗi. Ban ji haushinsu ba, da ni ne ma da na zauna.

Biyu-biyu ake shiga, aka kira mu tare. Likitan tsoho ne mai furfura, ga alama ya gaji da duniya, amma ba mugu ba ne. Tare da shi akwai wani dattijon malamin asibiti baƙar fata mai riƙe masa kaya. Likita ya ce mu juya. Na ji ya tsaya a bayanmu, na ji yatsansa a kafaɗata, sannan ya matsa wurin Habu.

"Mene ne wannan?"

Habu ya gyara murya, ya zubo Faransancinsa na ranar zuwan sufeton makaranta. Ya ce al'adar ƙasarmu ce, in damina ta ɗauke maza sukan sa wanzami ya rage musu jini, iyayenmu ma haka suke yi, mu kuma mun yi kafin shiga makaranta don mu zo da ƙarfi. Likita ya juya wurin dattijon ya tambaye shi ko haka ne. Dattijon ya dube mu. Ya dubi ƙasusuwan haƙarƙarina da suka fito, ya dubi idona, ya daɗe yana dubana. Na tabbata ya gane komai.

"Haka ne, likita," ya ce. "Hausawa suna yi."

Likita ya yi tsaki, ya ce a nan za a cire mana wannan haukan daga ka. Ya saurari ƙirjina, ya danna cikina ya ce saifa ta ɗan tashi, amma duk wanda ya biyo kogi haka yake zuwa. Ya sa mini ɗan gilashin awon zafi a baki, ya cire ya duba. Ya ce na rame, a riƙa ƙara mini abinci. Bai ce a ɗebi jini ba. Ya ce an ɗauke ni.

Ban gama jin daɗin ba ya cire gilashin daga bakin Habu. Ya duba, ya yarfe shi, ya sake sa masa, ya sake dubawa. Ya juya Habu wajen haske. Sai a lokacin na ga bayan da kyau, don tun Sagu yake ɓoye mini. Tsagar da ke ƙarƙashin inda igiya ta bi ta kumbura ta yi ruwa, ja ya bi fatar har gefen haƙarƙari. Likita ya sa hannu a hammatarsa ya taɓo kaluluwa, Habu ya cije leɓe.

"Ga abin da al'adarku ta jawo maka," in ji likita. Muryarsa ba ta faɗa ba ce. "Doka ba ta bar ni in ɗauki mai zazzaɓi ranar bizit ba. Za ka kwanta asibiti, in ka warke ka koma gida. Shekarunka da saura, ka dawo baɗi."

Na matso gaba, bakina ya riga ya buɗe. Ban san abin da nake tsammanin gaskiya za ta gyara ba, na dai ji ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Habu ya juyo yana murmushi, kamar mai yi mini barka, ya ce da Hausa a hankali:

"Ka yi shiru, Mutari. In ka yi magana mu biyu za a kora, an zubar da jinina a banza ke nan."

Na yi shiru. Dattijon ya miƙo mini rigata, ya kama hannun Habu suka fita ta ɗaya ƙofar.

Da la'asar na je wurin mai kula da ɗalibai na roƙe shi, na ce ciwon kwana kaɗan ne, a ajiye masa gurbin. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji tausayi, amma ranar bizit ake rufe ƙofa, haka dokar take ga kowa, kuma na bayansa ya riga ya karɓi gado. Gadon kuwa kusa da nawa yake. Yaron kirki ne, mun zauna lafiya, amma na daɗe ban iya gaishe shi da sakin fuska ba.

Ciwon Habu ya fi yadda muka zata, sai da aka tsaga kumburin aka matse. Duk ranar da aka bar mu fita ina wurinsa. Yana kwance rubda ciki, yana sa ni in maimaita masa abin da aka koya mana, yana gyara mini, wai don kada baɗi ya zo ya tarar bawansa ya ba shi kunya. Da ya warke na raka shi tasha. Na yi ta shirya maganar da zan gaya masa tun daga makaranta, da muka isa duk ta gudu.

"Me zan ce wa tsoho a Bande?" ya tambaye ni.

"Ka ce mishi an ɗauke ni."

"Shi ke nan?"

"Ka ce mishi kai ka sa."

"Wannan kuma ba saƙo ba ne, surutu ne," in ji shi. "Baɗi war haka ka zo nan ka ɗaukar mini akwati. Ka riga ni aji, amma ka san matsayinka."

Shekarar nan na yi karatu kamar ana bina da bulala. Kewar gida ta dame ni, kewar Habu ta fi, don ba wanda zan yi Hausa da shi sai in na je kasuwa wurin masu goro. Na rubuta masa ina tambayar bayansa, na sake rubutawa, amsa ba ta zo ba. Na ce halinsa ne, ba ya son alƙalami in ba dole.

Da damina ta ɗauke aka ce sababbin 'yan Nijar suna tafe, na nemi izini na tafi tasha tun da hantsi. Jirgi ya tsaya, mutane suka yi ta sauka, ina ta leƙen gajere kakkaura. Har wurin ya fara watsewa ban gan shi ba. Sai wani saurayi da akwatin ƙarfe ya matso, na gane fuskarsa, yana bayanmu da aji guda a Yamai, ɗan Damagaram ne.

"Yaya Mutari, ko Habu kake nema?"

Na ce shi.

Ya ce Habu bai zauna kunkur ba. Da ya koma, gwamnati ba ta barin mai takarda ya zauna haka nan, aka tura shi koyarwa a wata lakwal ta daji a ƙasar Magariya, shi kaɗai ne mushe a wurin. Lokacin kunkur ya yi, ya nemi a sake shi ya je Yamai, aka ce ba wanda zai riƙe yaran, ya bari sai an sami wani. Ba a samu ba. Shekarar da yake da ita a ajiye kuwa ita ce wannan.

"Na gan shi a Damagaram kafin in taso, ya ba ni saƙo," in ji saurayin. "Ya ce in gaya maka bayanshi ya warke sarai, ka daina tambaya, ka yi karatunka."

Na tsaya ina kallon jirgin da ba kowa a ciki. Sannan na sunkuya na ɗauki akwatin saurayin na aza a kaina, na ce ya biyo ni in nuna masa makaranta. Na shiga gaba yana baya, don ban so ya ga fuskata ba.